Yadda kwamfutar tafi-da-gidanka ke raba intanet ɗinta da rautar gida

A gidaje da ƙananan shagunan buga takardu na unguwanni irin su Bulumkutu da ke Maiduguri, intanet ya fi shigowa ne ta wayar salula ko ƙaramar na'urar MiFi. Ƙarfin waɗannan na'urori bai cika ratsa bango biyu ba, kuma adadin wayoyin da suke ɗauka ƙayyadadde ne. Wanda ke da rauta, wato na'urar rarraba intanet, amma babu layin da zai ciyar da ita, yana iya mayar da kwamfutarsa gada: ta karɓi intanet ta iska, ta miƙa wa rautar ta kebul.

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin Microsoft ya sanya ta a manhajar Windows tun 1999, da sunan Internet Connection Sharing. Ana soke kebul a kwamfutar, a kai ɗaya bakin ga kafar rautar mai alamar WAN, wadda galibi launinta ya bambanta da na sauran. Daga nan sai a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta ncpa.cpl, a buɗe Properties na Wi-Fi, a shiga Sharing, a ba wasu na'urori izinin amfani da layin. Kwamfutar za ta ba kafar kebul ɗinta adireshin 192.168.137.1, ita kuma rautar a bar ta ta karɓi nata adireshin da kanta. Kwamfutocin Mac da masu manhajar Linux su ma suna da irin wannan tsari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne soke kebul a ɗaya daga kafofin LAN. Idan aka yi haka, kwamfutar da rautar duka za su riƙa raba adireshi a lokaci guda, sai wata waya ta samu intanet wata ta rasa, alhali dukkansu na nuna cikakken sabis. Mai son amfani da kafar LAN dole ya fara kashe DHCP a cikin rautar. Wani lokaci kuma rabawar kan tsaya bayan an kashe kwamfutar an kunna. Cire izinin a sake ba da shi yakan warware matsalar.

Babban abin lura shi ne gidan gaba ɗaya ya dogara ga kwamfuta guda. Da zarar an rufe murfinta ta yi barci, ko cajinta ya ƙare, intanet ya yanke wa kowa. A Maiduguri wannan ba ƙaramar magana ba ce: harin da aka kai wa turakun wutar layin Damaturu a Janairun 2021 ya jefa birnin cikin duhu na watanni masu yawa, lamarin da ya kai ga buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023. Kwamfuta tana da batir, rauta ba ta da shi, don haka gidan da ba shi da sola na bukatar ƙaramin batirin ajiya domin ita.

Sai batun data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Wayoyin da ke kan rauta suna ɗaukar layin a matsayin Wi-Fi marar iyaka, sai su shiga sabunta manhajoji da loda hotuna ba tare da tambaya ba. Kuɗin wata guda na iya tafiya cikin 'yan kwanaki in ba a hana su ba, musamman idan rautar ba ta da kalmar sirri mai ƙarfi. In kuwa layin na maƙwabci ne, izinin da ya bayar na kwamfuta ɗaya bai haɗa da wayoyin gida duka ba, sai an sake tambayarsa.

Tsarin ya fi dacewa da bukatar ɗan lokaci. Wanda zai daɗe a kai, gara ya nemi rauta mai ɗaukar layin SIM, ko mai tsarin WISP da ke karɓar Wi-Fi kai tsaye ba tare da kwamfuta a tsakani ba.