Bindigar aljihu: abin da ake biya kafin ta shiga aljihu

Idan ka shiga shagon sayar da bindigogi a Teksas ko Fulorida a Amurka, akwai tambayar da masu shago suka saba ji: wacce ce za ta shiga aljihun wando ba tare da kowa ya gane ba? A Nijeriya wannan tambaya ba ta shago ba ce, domin dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, sai wanda ya samu lasisin shugaban ƙasa. Amma a can kasuwa ce babba. Mai saye yana son bindiga ƙarama, yana son ta yi ƙarfi, yana kuma son ta yi sauƙin sarrafawa. To, ba zai samu duka ba. Duk abin da maƙeri ya rage a jikinta sai an biya shi ta wani wajen, kuma an yi kusan shekara 500 ana wannan ciniki.

Abin da ya fara hana bindiga shiga aljihu ba girmanta ba ne, wuta ce. Bindigogin Turai na ƙarni na 15 da igiya mai ci da wuta ake tayar da su, wadda take ci a hankali kamar lagwani. Mai bindiga yana tafe da igiyarsa tana hayaƙi, da dare ana hango jan bakinta, ana jin warinta. Wa zai cusa garwashi cikin riga? Saboda haka duk mai ɗauke da bindigar da ke shirye, an san da shi tun daga nesa.

Wajen shekarar 1500 aka samu wata sabuwar dabara a ƙasashen Jamus da Italiya. Ka san ƙyastu da ƙanƙara? Shi ne aka mayar inji. Wani ɗan faifan ƙarfe mai kaushi ake waina wa da mabuɗi kamar agogo, a jingina masa wani dutse, idan aka ja kunama sai faifan ya juya ya goge dutsen, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Laitar kunna wuta ta yau ɗiyar wannan dabara ce. Daga ranar nan mutum zai iya ɗura bindiga da safe, ya sa ta ƙarƙashin alkyabba, ya yini da ita ba hayaƙi ba wari.

Masu mulki sun gane abin da hakan ke nufi nan da nan. A 1517 da 1518 Sarki Maximilian na ɗaya ya hana irin wannan bindiga, da farko a Ostiriya, daga baya a daularsa baki ɗaya. Tsoronsu kuwa bai tashi a banza ba. Ranar 10 ga Yuli 1584, a garin Delft na ƙasar Holan, wani mai suna Balthasar Gérard ya shiga gidan William na Orange, jagoran tawayen Holan a kan Sifen, da irin wannan bindiga a ɓoye cikin tufafinsa. Ya jira shi ya fito daga cin abinci, ya harbe shi a ƙirji a gindin matakala. Har yanzu ana nuna wa masu ziyara ramukan harsashin a bangon gidan. A Ingila ma Sarki James na ɗaya ya fitar da shela a 1616 yana hana bindigogin aljihu. Riƙe wannan shelar, za mu sake haɗuwa da ita.

Sai a farkon ƙarni na 19 aka raba bindiga da tartsatsin dutse. Wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi da sinadarin da ke fashewa idan an doke shi, a 1807. Daga nan aka samu 'yar hular tagulla mai ɗauke da ɗigon sinadarin, a kifa ta a kan bindiga, guduma ta doke ta. Ba faifai, ba dutse, ruwan sama ma bai cika hana ta tashi ba. Kayan cikin bindiga suka ragu, sai ita ma ta samu damar tsukewa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne Henry Deringer, maƙerin bindiga a Filadelfiya. 'Yar bindigarsa ba ta fi tafin hannu ba, amma bakinta yana da faɗi, harsashinta kato. Harbi ɗaya take yi. Idan ka harba, sai ka sake zuba albarushi ta baki, ka danna harsashi, ka kifa sabuwar hula, kamar dai yadda maharbi yake ɗura bindigar toka. Shi ya sa aka saba sayar da su biyu-biyu. Ta yi farin jini sosai a Kalifoniya zamanin haƙar zinariya, kuma da yake Deringer bai yi rajistar ƙirarsa ba, sai maƙera suka yi ta kwaikwayo. Wasu suka ƙara harafin "r" ɗaya a sunan don su kauce wa shari'a. Ya kai wani dillali na San Faransisko ƙara a kan amfani da sunansa, ya yi nasara, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: har yau duk wata 'yar mitsitsiyar bindiga mai harbi ɗaya ko biyu "derringer" ake ce mata, da rubutun masu jabu ba nasa ba.

Daren 14 ga Afrilu 1865, John Wilkes Booth ya shiga ɗakin da Shugaba Abraham Lincoln yake kallon wasan kwaikwayo a gidan wasa na Ford a Washintan. Bindigar da ke hannunsa ta Deringer ce, tsawonta kusan santimita 15, nauyinta bai kai giram 250 ba. Lura da abu biyu. Na farko, sai da ya zo daf da bayan kan Lincoln sannan ya harba. Na biyu, ya zo da wuƙa, domin ya san bayan harbin nan ɗaya bindigar ta zama ƙarfen banza. Ya yar da ita a wurin, da wuƙar ya sari Manjo Henry Rathbone da ya yi yunƙurin kama shi. Lincoln ya cika washegari da safe.

Me ya sa sai ya matso haka? A nan ne kimiyya ta shigo, bari mu ɗan zauna a kai.

Harsashi yana samun gudu ne kawai muddin yana cikin bututu, iskar albarushi tana tunkuɗa shi daga baya. Kamar kibiya ce: tana ƙara gudu ne muddin tana manne da tsirkiya, da ta rabu da ita shi ke nan. Idan bututun gajere ne, harsashi yana fita tun iskar ba ta gama aikinta ba, sauran ƙarfin ya tafi a walƙiya da ƙara. Ƙaramin harsashin bindigar aljihu mai faɗin milimita 6.35 yana fita da ƙarfin da bai kai jul 100 ba. Na AK-47 yana kaiwa wajen jul 2,000.

Sannan kowace bindiga harbi biyu take yi, na gaba da na baya irin na jaki. Ƙa'idar Newton ce: nauyin harsashi sau gudunsa daidai yake da nauyin bindiga sau gudun da take komawa baya. Ɗauki harsashi mai giram 6 da ke fita da gudun mita 290 a daƙiƙa. Idan bindigar giram 800 ce, za ta koma baya da gudun kusan mita 2 a daƙiƙa. Idan giram 270 ce, gudun ya haura mita 6, dukan da hannu zai sha kuma ya ninka sau uku. Ga shi mariƙinta gajere, yatsu biyu kawai ke samun wuri. Ka ga kenan wanda ya zaɓi ƙarama don yana tsoron babba, ko ya saya wa matarsa don wai ta fi dacewa da hannun mace, ya yi lissafin a baibai. Ƙaramar ita ta fi wuyar riƙo.

Ga kuma saiti. Ana saita bindiga ne da alamu biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Idan tazararsu santimita 8 ce, kuskuren milimita ɗaya tak a ido yana zama santimita 12 da rabi a nisan mita 10. Idan tazarar ta ninka, kuskuren ya ragu da rabi. A wajen gwaji kenan fa, hannu ba ya rawa. Shi ya sa in ka bi tarihin bindigar aljihu za ka ga kusan duk ta'asar da ta yi suna a kai, a nisan miƙa hannu ta yi ta. A 1901 Leon Czolgosz ya naɗe 'yar libarba cikin hankici, ya bi layin masu gaisawa da Shugaba William McKinley a Buffalo, sai da ya zo gabansa ya harba.

Babban sauyi na gaba daga ɗakin gwaji ya fito. Tsohon albarushi yana barin toka da datti mai yawa, duk wani inji mai motsi a cikin bindiga sai ya cushe. A 1884 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi ƙarfi kuma yake ƙonewa kusan tas. Da shi ne John Browning, Ba'amurke daga Utah, ya iya ƙera bindigar da take amfani da harbinta na baya ta tofar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi da kanta. Kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam ya riƙa ƙera masa. Wajen 1906 suka fitar da wata mai harsashi shida, tsawonta bai kai santimita 12 ba, wadda aka yi don aljihun falmaran. Sun sayu har sunan Browning ya zama sunan kowace ƙaramar fistol a Faransanci. Samfurin 1910 na wannan kamfani ne ke hannun Gavrilo Princip, ɗan shekara 19, ranar 28 ga Yuni 1914 a Sarayebo, lokacin da motar Yarima Franz Ferdinand ta yi kuskuren kwana ta tsaya a gabansa. Harbi biyu, yarima da matarsa Sophie. Bayan wata guda Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Sabiya, yaƙin duniya na ɗaya ya kama.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda Amurkawa da kansu suka ɗauki ɓoye makami a da. Jihohin Kentucky da Louisiana sun haramta shi tun 1813, wasu jihohin suka bi. A ganinsu mutumin kirki yana rataye makaminsa a fili, mai ɓoyewa kuwa da wata a ƙasa. Niyok ta kafa dokar Sullivan a 1911, wadda ta ce sai da lasisi za a mallaki bindigar da za a iya ɓoyewa. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, gwamnatin tarayya ta taƙaita shigo da ƙananan bindigogi daga waje, aka sa ma'aunin girma. Walther PPK ta Jamus, wadda James Bond ya yi wa talla a fim, ta gaza ma'aunin da ɗan kaɗan. Sai kamfanin ya ɗora samanta a kan mariƙin yayarta mai ɗan tsawo, ya kira ta PPK/S, ta wuce. Kamfanonin cikin Amurka kuwa, da ma'aunin bai shafe su ba, suka cike gurbin da masu araha.

Daga 1987 guguwar ta juya. Fulorida ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa dole a ba shi lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye, jihohi suka yi ta bi, Illinois ce ta ƙarshe da ta buɗe ƙofa a 2013. Yanzu fiye da rabin jihohin ba sa ma neman lasisin. Maƙera suka bi kasuwa da roba mai ƙarfi maimakon ƙarfe: Kel-Tec P-32 ta 1999 ba ta kai giram 200 ba, Ruger LCP ta 2008 kusan giram 270 ce, wato ita ce ta cikin lissafinmu na ɗazu. Roba ta rage nauyi a aljihu, ta ƙara duka a hannu.

Shin yawaitar bindigogi a aljihu ya rage laifi? Masana sun daɗe suna kai ruwa rana. A ƙarshen shekarun 1990 masanin tattalin arziki John Lott ya ce ya rage. Kwamitin majalisar bincike ta ƙasar ya duba alƙalumman a 2004, ya ce ba su isa a yanke wannan hukunci ba. A 2019 John Donohue na jami'ar Stanford da abokan aikinsa, da bayanan ƙarin shekaru a hannunsu, suka ƙiyasta cewa shekara goma bayan jiha ta sassauta dokar, laifuffukan tashin hankali suna fin yadda da za su kasance da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. A ganina sababbin binciken sun fi nauyi, don sun ga abin da ya faru bayan an jima, ba farkon lamarin kawai ba.

Sai dai Kotun Ƙolin Amurka ba ta wannan hanyar ta bi ba. A watan Yuni 2022, a shari'ar da aka fi sani da Bruen, ta soke sharaɗin Niyok na cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisi. Ta kuma ce daga yanzu dokar bindiga za ta tsaya ne idan tana da makamanciya a tarihin dokokin ƙasar. Wato alƙali ba alƙalumman Donohue zai auna ba, tsofaffin takardu zai tono. A cikin hukuncin kansa alƙalan sun koma har kan shelar Sarki James ta 1616, suka duba ta, suka ce ba ta isa ta ceci dokar Niyok ba. Tun daga lokacin lauyoyin ɓangarorin biyu suke ɗaukar malaman tarihi haya, suna bin ɗakunan ajiyar takardu na jihohi suna neman dokokin zamanin Deringer.