Daga Duwatsun Adar Zuwa Tafkin Kalmalo

Mu da muka tashi a Illela ba mu san wurin shaƙatawa mai ƙofa da kuɗin shiga ba. Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ko kuwa kwana biyu bayan Sallah, sai iyaye mata su dama fura a ƙwarya, a ɗora ƙanana bisa amalanke, a nufi Kalmalo. A bakin tafki ake shimfiɗa tabarma. Manya na hira da masunta, mu kuwa muna jifar kurna da magarya, muna tsotsar goruba har muƙamuƙi ya gaji. In yaro ya tambayi daga ina wannan ruwa yake zuwa, sai a nuna masa arewa, a ce daga dutsi. Sai da muka girma muka gane cewa tarihin garinmu yana cikin wannan gajeriyar amsa.

Dutsen da ake nufi shi ne Adar Dutsi, ƙasar tuddai da kwazazzabai da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, inda garuruwa irin su Keita da Buza suke. Ruwan saman da ya sauka a kan waɗannan tuddai yana taruwa cikin kwarin Majiya, ya gangaro kudu, ya ratsa ƙasar Ƙonni, ya tsallako Najeriya, ya zo ya kwanta a Kalmalo. Majiya ba ta gudu duk shekara. Da damina take cika, da rani kuma ta bar fadama mai damshi. A wannan fadama ake noman albasar Galmi, wadda sunanta ya kai har kasuwannin Abijan da Akara.

Hanyar da ruwa ke bi ita mutane suka daɗe suna bi. A shekarar 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace Adar daga hannun Kabawa, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Sarkin Adar. Daga baya fadar ta zauna a wani gari da ke kudu da Tawa, wanda shi ma sunansa Illela. Illela biyu ke nan, tamu da tasu, kuma har gobe baƙo kan rikice a tasha idan bai faɗi wadda yake nufi ba. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto, Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci a wannan shekarar. Adarawa da yawa sun gangaro kudu a zamanin daular, shi ya sa har yau akwai Sarkin Adar a Dundaye, kusa da Sakkwato.

Turawa ne suka zo da iyaka. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka shata da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, suka ce duk abin da ke cikinta na Ingila ne. Ƙonni ta faɗa ciki. Hakan bai hana sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899 ba, inda suka hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Faransawa suka yi ta kukan cewa an bar su ba hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Ƙonni da duwatsun Adar suka koma hannun Faransa, Illela da Kalmalo suka zauna hannun Ingila. Mafarin ruwa ya zama wata ƙasa, makwancinsa ya zama wata.

Amma ciki bai san iyaka ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi zai ga Adar a shimfiɗe: raƙuma da shanu da balami a kara, cuku da Buzaye ke kawowa daga arewa, kanwa, dabino, buhunan albasa. Abincin gidajenmu ɗaya ne da na can. Fura da nono da hantsi, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da rana, tuwon gero da miyar kuka da dare. Idan za a kai yara ziyara wurin kakanni a tsallake, guzurin bai wuce dambu da kilishi da gorar ruwa ba. Da an wuce Ƙonni aka nausa ƙauyukan dutse, sai ka ga rumbunan laka masu tumbi sun fi ɗakunan kwana girma. Yara su hau tudu da maraice tare da masu kiwon awaki, su hango kwari ya yi kore shar a tsakiyar jajayen duwatsu. Da dare kuma a tafi dandali kallon kokawa. Ba banza ba ne gasar kokawa ta ƙasar Nijar, wadda ake ba zakaranta takobi, ta fara a Tawa a 1975.

Wannan ƙasa ta sha wuya. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi, sun kwashe itatuwa, iska ta riƙa ɗebe ƙasar gona. Magidanta suka yi ta tafiya cin rani, da yawansu ta tashar Illela suka bi. Abin da waɗanda suka zauna suka yi ya cancanci a riƙa faɗa wa yara. Daga 1975 manoman kwarin Majiya, da taimakon ƙungiyar CARE, suka dasa dogon yaro layi-layi don karya iska. A 1984 aka soma aikin Keita da kuɗin ƙasar Italiya, kuma mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tuddai don tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. A 1989 wasu manoman Illelar Nijar suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba taki. Suka dawo suka inganta tasu dabarar da suke kira tassa, fako ya koma gona.

Sai dai gyaran sama ya zo da nasa lissafi a ƙasa. Madatsun ruwan Mozage da Zango, waɗanda aka gina kan Majiya don noman rani a Ƙonni, sun riƙe wani kaso na ruwan da ke isowa Kalmalo. Ga ƙarancin damina, ga yashi da ke cike tafkin. Akwai shekarun da muka je muka tarar da tsagaggiyar laka a inda iyayenmu suka ce sun shiga kwalekwale. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, Majiya na ciki. Takarda na nan, amma masunci da mai lambun Kalmalo ruwa suke dubawa.

A 'yan shekarun nan kuma ƙofar kanta ce ke rufewa. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Motocin albasa suka yi ta ruɓa a layi, an ɗaura aure babu dangin uwa, an yi jana'iza babu 'yan'uwa na jini. Ga kuma matsalar 'yan bindiga a gabashin Sakkwato, wadda ta sa uba kan yi tunani sau biyu kafin ya fita da iyalinsa bayan gari. Yanzu akwai yara a Illela da suka san biranen duniya ta waya, amma ba su taɓa taka Kalmalo ba, balle su san cewa kakarsu 'yar dutse ce.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Fitar da iyayenmu suka riƙa yi da mu ta wuce yawon shan iska, domin a nan muka koyi sunayen itatuwa, muka san dangi, muka ji labarin Ƙonni daga bakin waɗanda kakanninsu suka ga wutar. Idan hanya ta yi lafiya a kakar bana, mu dama fura, mu ɗauki yaran, ko da iyakarmu bakin tafki ce. Wani cikinsu zai tambayi daga ina ruwan yake zuwa, mu kuma mu kasance da amsar da ta fi nuni da yatsa.