Yaƙi da Miyagun Ciyayi a Harabar Gida da Filayen Hukuma a Ƙaramar Hukumar Baure

Ƙaramar Hukumar Baure tana cikin masarautar Daura, a arewa maso gabashin Jihar Katsina, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar da kuma Jihar Jigawa. Ƙasarta jigawa ce mai yashi, damina kuma gajera ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. Saboda haka ciyayin wannan yanki suna da sauri: da zarar ruwan farko ya sauka sai su tsiro, su yi fure, su zubar da iri cikin 'yan makonni. Mun shirya wannan bayani ne domin magidanta, da shugabannin makarantu, da masu kula da harabar asibitoci, masallatai da ofisoshi, waɗanda ke son fili mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ba tare da ƙaya ko maɓoyar macizai ba.

Ciyawar da ake so

Ciyawar da ta fi dacewa da filayenmu ita ce ƙiri-ƙiri. Tana yaɗo a bisa ƙasa da ƙarƙashinta, tana jure taku da fari, idan ta bushe da rani kuma takan farfaɗo da damina. Inda ta yi kauri, baƙuwar ciyawa ba ta samun haske balle ta tsiro. Don haka ba mu goyon bayan al'adar kankare fili ƙat da fartanya. Filin da aka bari tsirara iska ce ke kwashe yashinsa da hunturu, kuma shi ne farkon wurin da tsidau ke kamawa. A riƙa sassabe ƙiri-ƙiri da langalanga ko lauje, a bar mata tsawon kamar santimita 3 zuwa 5. Mai halin ban ruwa ya shayar da ita sosai jefi-jefi, ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi irin ciyayin da ke sama-sama yake tayarwa.

Masu ƙaya

Ƙarangiya da tsidau da kashin yawo su ne suka fi addabar yara da almajirai masu tafiya ba takalmi, tsidau kuma har tayar keke yake hudawa. Dukkansu shekara guda suke rayuwa, da iri kaɗai suke dawowa. A nan ne dabarar take. Wanda ya tuge su a makonni uku zuwa huɗu na farkon damina, kafin ƙayar ta fito, ya rage aikin baɗi ƙwarai. Wanda ya jira sai Satumba, ya sare su ya bari a wurin, shuka ya yi da hannunsa. Idan ƙaya ta riga ta nuna, a tattara a hankali a ƙone a gefe, kada a zuba a juji ko ramin taki. Tsidau yana da saiwa guda mai nitso, sai an yanke ta ƙasa da wuyanta. Irinsa yana iya kwana shekaru a ƙasa, don haka aikin shekara ɗaya ba ya isa. Wasu sukan ja tsohon buhu ko bargo a kan fili da kaka domin ƙayar ta manne, kuma dabara ce mai amfani.

Ya kamata a lura da hanyar shigowar iri. Ƙarangiya tana bin gashin tumaki da awaki da gefen riguna. Ɗanyen takin dabbobi ma cike yake da iri, sai an bar shi ya ruɓe sosai kafin a watsa a fili.

Aya-aya

Wannan ita ce mafi taurin kai, musamman a gindin famfo, bakin rijiya da lambuna. Ganyenta kamar na ciyawa ne, amma a ƙasa tana da 'ya'ya masu kama da aya, a jere kamar carbi. Sarar fartanya tana tsinka jerin ne kawai, kowace ƙwaya kuma ta fito da sabon tsiro. Maganinta shi ne a haƙe wurin da rani, a fito da 'ya'yan, a shanya su a rana har su bushe ƙayau, sannan a gyara yoyon da ke jiƙa wurin. Sabon tsiron da ya biyo baya a riƙa cire shi tun yana ƙarami, har ƙwayar da ta rage ta gaji.

Ba kowace ciyawa ce abokiyar gaba ba. Tafasa ana kwaɗonta, harkiya da gude-gude abincin dabbobi ne, kuma a shekarun yunwa mutanen Sahel sun ci ƙwayar ƙarangiya. A yanka su a yi amfani da su kafin su yi iri. Sai dai kada a bar tafasa da rai-ɗore su yi duhu a jikin katanga, domin nan sauro da macizai ke fakewa.

Maganin feshi

A ganinmu feshi shi ne mataki na ƙarshe a harabar gida, inda yara da kaji ke yawo. Gilaifoset ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai kashe, har da ƙiri-ƙiri da dashen itatuwa, don haka a tsaya da shi a gindin katanga da hanyoyi. Maganin 2,4-D yana kashe masu faɗin ganye ya bar ciyawa, amma iska tana iya kai shi kan tumatir, wake ko kuɓewar maƙwabci. Farakwat guba ce da ba ta da makari, kuma Hukumar NAFDAC ta haramta shi daga shekarar 2024, kada a saya ko da an gan shi a kasuwa.

Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu da takalmi, ya yi aikin da sassafe lokacin da iska ta kwanta, ya bi ma'aunin da ke jikin kwalba. A huda kwalbar da ta ƙare a binne ta nesa da rijiya, kada a zuba mata ruwan sha ko man girki. Wanda maganin ya shiga cikinsa ko idonsa a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malaman gona na KTARDA ko Sashen Aikin Gona na Ƙaramar Hukumar Baure.