Daga Sakaina Zuwa Leda: Tarihin Sake Amfani da Kayan Gida a Hausar Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin fassara ya san irin jan aikin da ake yi idan aka zo kan kalmomin kula da muhalli. Gidajen rediyo sun tsaya a kan "sake amfani" da "sake sarrafawa", kuma duk biyun bayani ne aka yi, ba kalma aka samo ba. Wannan ya sa wasu ke ɗaukar cewa tun da Hausa ba ta da kalma guda ga wannan aiki, to aikin kansa baƙo ne ga Bahaushe. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba haka abin yake ba. Za ta bi tarihin kayan gida a Maiduguri cikin matakai uku, tana mai kafa hujja da sunayen da Hausa ta bai wa abu bayan ya fashe, ko ya tsufa, ko an cinye abin da ke cikinsa. Ra'ayin da za a kare shi ne, duk abin da harshe ya raɗa wa suna na biyu bayan lalacewarsa, to al'umma ta sama masa aiki na biyu.

2.0 Maiduguri da Hausa

Maiduguri gari ne na Barebari, kuma ba tsohon gari ba ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. Bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma kashe shi a 1900, sai Turawan Ingila suka zaɓi Yerwa ta zama mazaunin Shehu, inda Shehu Abubakar Garbai ya tare a 1907. Babbar kasuwar Kukawa da Barth ya gani a 1851 ranar Litinin take ci, sunan Kasuwar Monday ta Maiduguri kuwa yana tuna wa mutum wannan. Fatake da almajirai Hausawa, waɗanda Barebari ke kira Afuno, sun daɗe suna zuwa gabas, har akwai unguwa a garin mai suna Hausari. Isowar jirgin ƙasa a 1964, da zaman garin hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da buɗe jami'a a 1975, sun tara kabilu masu yawa wuri guda, Hausa kuwa ta zama harshen ciniki a tsakaninsu. Saboda haka kalmomin da za a kawo a nan ba Hausawa kaɗai ke furta su ba. A shekarun da na yi ina koyarwa a garin, na ji su a bakin Babarbare da Babur da Marghi da Shuwa.

3.0 Mataki na Farko: Ƙwarya da Tukunya

Kafin zuwan kayan Turawa, kusan komai na gidan Bahaushe daga ƙasa ko tsiro ko dabba ya fito, kuma can yake komawa. Amma kafin ya koma sai ya bi wasu matakai, kowane mataki da sunansa. Ga misalai:

(a) Ƙwarya idan ta tsage akan kai wa gyartai ya ɗinke. Idan ta wuce ɗinki sai ta zama sakaina, a riƙa kwashe shara ko ɗebo wuta da ita. Daga jikin ƙwarya kuma ake yanko marar kwasar tuwo.

(b) Tukunya idan ta fashe, babban ɓangarenta katanga ne, ƙanana kuwa tsingaro. Gindinta yakan zama kaskon tuya ko na shan ruwan kaji.

(c) Tabarma idan ta mutu ta zama keso, riga kuwa ta zama ragga ko tsumma. Kafin nan an yi mata maho ko banki, bayan nan kuma a naɗa gammo da ita.

(d) Tuwon jiya ɗumame ne, abin da ya kama gindin tukunya ƙanzo ne, ruwan wankin gero ƙasari ne na dabbobi, dusa da harawa kuwa ba a ma lissafa su cikin shara.

Abin lura a nan shi ne, ba a cewa "fasasshiyar ƙwarya" a tsaya, sai da aka ba ta suna mai zaman kansa. Har ila yau sana'o'i sun riƙa cin gajiyar sharar juna. Misali mafi kyau shi ne laso, wato sumuntin gargajiya da ake shafe soro da rijiyar rini da shi. Ana haɗa shi ne da katsi, wanda yake gurɓin da ke kwanciya a gindin karofi, da gashin jima da majema suka kankare daga fata, da kuma dafara. Ashe abin da marini da majemi suka zubar shi ne jarin magini. Haka toka take: a tace ta a sami ruwan toka na miya, a kuma dafa sabulu da ita. A tsangayu kuwa, waɗanda Barno ta yi suna a kansu, allo guda yakan yi wa almajiri shekaru, yana rubutawa yana wankewa.

Abin da ya rage bayan duk wannan shi ke zuwa juji, jujin ma ba ƙarshen tafiya ba ne. Binciken Michael Mortimore a karkarar Kano a shekarun 1960 ya nuna yadda jakuna ke shigo da itace birni su fita da taki, wanda shi ne ya ba manoma damar noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutar da ita ba. Da Bahaushe ya ce "babba juji ne", haƙurin ɗaukar komai yake nufi, kuma da wuya ya kwatanta dattijo da abin da ba ya ganin darajarsa.

4.0 Mataki na Biyu: Gwangwani da Garwa

Mulkin mallaka ya kawo kayan da ba su ruɓewa, amma kuma suna da wuyar samu, don haka aka riƙe su da hannu biyu. Garwar kananzir mai cin galan huɗu ita ce kan gaba. Da zarar kananzir ya ƙare sai a yanke samanta, a ɗaura mata igiya, ta zama abin ɗebo ruwa, kuma ta zama ma'aunin hatsi da manja. Har yau ana kiran masu sayar da ruwa 'yan garuwa, ko da yake sun koma tura jarkoki a kura. Gwangwanin madara ya zama ma'aunin shinkafa da sukari a teburin mai kanti, ya kuma zama fitilar aci-balbal a hannun 'yan gwangwani. Tayar mota ta ba da takalmi, tib ɗinta ya ba da guga da robar ɗaure kaya da danƙon harbin tsuntsu. Duro ya zama randa, murfinsa ya zama kaskon suya. Takardar buhun siminti ta koma wurin mai tsire, tsohuwar jarida ta koma wurin mai ƙosai.

A wannan mataki ne sana'ar ƙira ta sauya tushe. Da can maƙeran baƙi sun dogara ga masu narka tama. Da ƙarafan mota da na jirgin ƙasa suka wadata, sai narkar tama ta mutu, fartanya da lauje da wuƙa suka koma fitowa daga sifirin ɗin mota. Daga baya kuma aka sami masu zubin tukwane, waɗanda ke narka tsofaffin kayan alminiyum su zuba a cikin yashi, su fitar da tukunya da ludayi. Tukunyar ƙarfe da ake dafa abincin biki da ita a yau, sau da yawa tsohon injin mota ne da gwangwanayen lemo.

Maiduguri tana da nata misali na musamman. Bandar kifin Tafkin Chadi da ake tarawa a kasuwar Hanyar Baga, a cikin tsofaffin kwalaye ake shirya ta, a ɗaure da igiya, a loda wa manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan. Kwalin da ya kawo kayan masana'anta daga kudu shi ne yake komawa da kifi, har "kwali" ya zama ma'aunin da ake yin ciniki da shi.

Tattalin arziki yana da hannu a hawa da saukar wannan ɗabi'a. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na 1974 sun sa ma'aikata suka fara raina gyara. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar Naira, ya dawo da su wurin mai faci da mai walda da mai gwanjo, ya kuma sa kalmar "kwandem" ta daina nufin abin da ya gama aiki, ta koma nufin hajar da ake saye da awo.

5.0 Mataki na Uku: Leda da Roba

Kalmar "leda" an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin jemammiyar fata, alhali babu abin da ya haɗa ta da fata. Ta fara yaɗuwa daga shekarun 1970, ta kori ganye da faifai da kwando daga kasuwa, sannan ruwan leda da ake kira fiya wata ya biyo baya a shekarun 1990. Idan aka auna ta da ma'aunin da aka kafa a gabatarwa, za a ga bambancinta da duk abin da ya gabace ta: leda ba ta da suna na biyu. Sabuwa leda ce, yagaggiya ma leda ce. Wani aiki da aka sama mata a gida shi ne hura wuta, wanda hayaƙinsa cuta ne. Ta shiga juji ta ɓata taki, domin manomi sai ya tsince ta kafin ya watsa. Ta toshe magudanan ruwa da ke gangarawa kogin Ngadda. Mahauta kuma suna cin karo da ita a tumbin shanu da awaki. Ruwanda ta hana amfani da ita a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

Robar ruwa ta fi leda sa'a, domin ta gaji tsohon suna. "Gora" a da ɗan duma ne da matafiyi ke rataye da shi, yanzu kuwa ana cewa gorar Faro ko gorar Swan, kuma a cikinta ake sayar da kunun aya da zoɓo da man gyaɗa da fetur. Faɗaɗar ma'anar wannan kalma shaida ce cewa abin ya sami gurbi a cikin gida.

A wannan zamani ne kuma "bola" ta danne "juji" a bakin mutanen birni, aka sami "jari bola" da "baban bola" da "'yan gwangwan". Bambancin ma'anar a fili yake. Juji na unguwa ne, amfaninsa gona. Bola ta hukuma ce, amfaninta abin da za a tsinta a kai wa mai sikeli. Tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin soja ta 1984, ta koya wa jama'a fitar da shara, amma ba ta koya musu rarraba ta ba. Rarrabawar ta faɗa hannun yara da matasa marasa galihu.

6.0 Ajakuta

A Hausar Maiduguri ana kiran tsofaffin ƙarafa da sana'ar tara su "ajakuta". Asalin kalmar sunan Ajaokuta ne, garin da ke Jihar Kogi a yanzu, inda aka ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfe a 1979. Sunan gari ya zama sunan haja, kamar yadda "shadda" da "atamfa" ke tafe da tarihin cinikinsu.

Rikicin da ya ɓarke a Yulin 2009 ya ba wannan kalma nauyin da ba ta da shi a da. Dubban ɗaruruwan mutane sun baro ƙauyukansu suka cika Maiduguri ba gona ba jari, da yawansu suka kama tsintar ƙarfe da roba. Garuruwan da aka ƙona kuwa cike suke da ƙonannun motoci da kwanon rufi, abin da ya riƙa jan matasa zuwa daji. A watan Mayu na 2022 an kashe masu tsintar ƙarfe da dama a ƙauyen Mudu na yankin Dikwa, akasarinsu mutanen Rann. A Yulin 2023 Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba da sanarwar hana sana'ar a jihar, bisa dalilin asarar rayuka da ɓarnar kayan gwamnati. Wannan shi ne nisan tafiyar da aka yi daga zamanin gyartai, wanda ke zaune a gindin bishiya mata na kawo masa aiki har inda yake.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa rashin kalma guda a Hausa bai nuna rashin aikin ba. Aikin ya bazu ne cikin ɗaki da madafa da maƙera da gona, kowane reshe da kalmarsa. Abin tsoron shi ne waɗannan kalmomi suna bin kayansu zuwa kabari. A ajin da na gwada, ɗalibai kaɗan ne suka san keso da katsi da tsingaro, alhali babu wanda bai san kwandem ba. Ƙamus na sana'o'in Hausa da Michael Bross da Ahmad Tela Baba suka fitar a 1996 ya kama hanyar adana irin wannan kalmomi, kuma akwai buƙatar a yi makamancinsa a kan sababbin sana'o'i: masu zubin tukwane, da 'yan gwangwani, da 'yan jari bola. Haka kuma ya kamata masu fassara saƙonnin muhalli su gina bayaninsu a kan waɗannan kalmomi na gida, domin matar da ta san bambancin ƙwarya da sakaina ba ta buƙatar a koya mata dalilin ware roba daga toka. Irin wannan bincike zai ƙara armashi idan masana Barbarci da Fulatanci da Larabcin Shuwa suka kawo nasu jerin, a gwada a ga abin da kowane harshe ya ara daga maƙwabcinsa a kasuwannin Maiduguri.