Aikin da igiya take yi a da: tarihin iyafis mai mutuwa lokacin haɗi

Ƙorafin ya zama ruwan dare a duk inda ake sayar da kayan waya, daga Farm Centre a Kano har zuwa rumfunan bakin titi. Mutum ya sayi iyafis marar igiya, ya danna madanni, fitila ta fara ƙyaftawa, waya na lalube, amma kafin sunansa ya bayyana sai ya ɗauke ɗif. Mai saye ya ce jabu aka sayar masa, mai shago ya ce ba a yi caji ba. Kowannensu yana iya yin daidai a wata rana, sai dai matsalar ta girmi shagon da kayan da ke cikinsa. A ganina wannan mutuwa gado ce daga yadda aka tsara Bluetooth tun farko, lokacin da aka kwashe ayyukan da igiya take yi ba tare da kowa ya lura ba, aka ɗora su a kan ɗan ƙaramin batir da madanni guda.

Kan igiyar nan da ake sokawa a ramin waya tsohon abu ne. Kakansa ya fito a ƙarshen shekarun 1870, a ɗakunan haɗa kiran tarho na Amurka, inda ma'aikata ke soka shi da hannu su sada mai kira da wanda ake kira. Ƙaramin samfurinsa mai milimita 3.5 ya zo da rediyon aljihu a shekarun 1950, Walkman na Sony kuma ya yaɗa shi duniya daga 1979. Igiyar tana ɗauke da sauti, tana ɗauke da 'yar wutar da lasifikar kunne ke buƙata, sannan tana yanke hukunci a kan tambayar da ba wanda yake yi a lokacin: wace na'ura ce ke tare da wace? Inda ka soka, nan ne. Idan ta tsinke, mai gyaran rediyo ya fere ta ya ɗiga dalma, magana ta ƙare.

A kamfanin Ericsson da ke garin Lund na Suwidin aka fara neman hanyar rabuwa da ita. Nils Rydbeck ya kawo tunanin a 1989, injiniya Jaap Haartsen ɗan Holan ya kama aikin gadan-gadan a 1994, a 1998 kuma Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba suka kafa ƙungiyar da ke riƙe da ƙa'idar Bluetooth har yau. Sun zaɓi zangon 2.4 gigahaz saboda ba a biyan lasisi a kansa, amma abin da yake kyauta kowa na cikinsa, har da Wi-Fi da murhun ɗumama abinci. Don kauce wa cunkoso sai aka sa na'urorin su riƙa tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a kowace daƙiƙa. Dabara ce mai kyau ga na'urori biyu da suka riga suka san juna. Ga baƙi kuwa, kamar mutum biyu ne da ba su taɓa ganin juna ba suna neman juna a kasuwar Kurmi, kowa na tafiya bai tsaya ba. Dole waya ta yi ta kira na wajen daƙiƙa goma, iyafis kuma ya buɗe rediyonsa yana saurare yana amsawa. Wannan zama yana cin batir, kuma yana barin ƙofa a buɗe ga duk wanda ke kusa, don haka masu ƙerawa suka sa masa wa'adi. A littafin wasu samfuran Sony an rubuta ƙarara cewa idan ba a haɗu cikin minti biyar ba, na'urar za ta fita daga yanayin haɗi, wasu ma su kashe kansu. Kaso mai yawa na abin da ake kira lalacewa umarni ne da aka rubuta wa na'urar, tana kuma bi.

Sai batun madanni, wanda a nan ne aka fi zaluntar mai saye. Iyafis na farko da Ericsson ya fitar kasuwa a 2000 ba shi da allo, ba shi da wurin rubuta lamba, kuma jikokinsa galibi haka suke. Shi ya sa shekaru da dama lambar sirrin haɗi ta kasance 0000 ko 1234, sirrin da duniya duka ta sani, har sai da ƙa'idar 2007 ta sauƙaƙa hanyar ta cire lambar. Ba ta ƙara madanni ba. Guda ɗin nan shi ke kunnawa, shi ke kashewa, shi ke amsa kira, shi ne kuma ke shiga yanayin haɗi, bambancin kawai tsawon dannawa ne. A wasu samfura daƙiƙa biyu kunnawa ne ko kashewa, bakwai kuma haɗi. Wanda ya danna ya riƙe alhali na'urar tana kunne, sau da yawa kashe ta yake yi da hannunsa, ya zauna yana zargin kamfani. Akwai kuma ƙwaƙwalwa: yawancinsu suna tuna wayoyi kaɗan ne, takwas a wasu, kuma da an kunna su tsohuwar wayar da ke kusa suke fara nema. In iyafis ya manta mabuɗin haɗin da waya ke riƙe da shi har yanzu, sai su ƙi juna, wa'adi ya cika, ya mutu. Daga nan ne matakan da masu gyara ke bi suka samo asali: a kashe shi tukuna kafin a danna a riƙe, a goge sunansa daga waya, a kashe Bluetooth na tsohuwar wayar, in ya ƙi a mayar da shi yadda ya fito daga kamfani.

Mai shago da ya ce caji ne ma yana da hujja. Batirin litiyom, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, idan ya tsufa yana iya nuna ya cika amma ya kasa ɗaukar nauyi. Da rediyo da fitila da muryar sanarwa suka ja wuta tare, ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da iyaka, sai da'irar kariya ta yanke. Zafi yana gaggauta wannan tsufa, kuma a Sakkwato ko Damagaram, inda bazara ke wuce digiri 40, kayan da suka daɗe a cikin gilashin shago sun fara tsufa tun ba a buɗe kwalinsu ba.

Wani zai ce ai Bluetooth bai taɓa ba mu wahala ba a zamanin tura waƙa. Gaskiya ne. Bayan zuwan wayar salula Najeriya a 2001, ta wannan hanya waƙoƙi da hotuna suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kuma waƙoƙin da Mdou Moctar na Nijar ya naɗa a Sakkwato a 2008 ta wayoyi suka ratsa Sahara. Amma a can waya ce ke magana da waya. Kowace tana da allo da ke nuna abin da ke faruwa, da madannai da yawa, da batir mai girma. Nasarar wancan zamani tana ƙara nuna inda raunin yake: a na'urar da ba ta iya faɗin abin da ke damunta sai da ƙyafta fitila.

Wani kuma zai ce manyan kamfanoni sun riga sun magance abin. A Satumba 2016 Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7, a Disamba ya fitar da AirPods, waɗanda da ka buɗe murfinsu waya ke gane su. Google ya biyo da Fast Pair a 2017. Sauƙin gaske ne, amma rufi ne aka yi a kan tsohon gini, kuma yana aiki ne a cikin shingen kowane kamfani. Haɗa AirPods da wayar Android, ko iyafis mai araha da kowace waya, sai ka koma ga madanni da wa'adi na tsohon tsari. Abin da ya fi muni shi ne sabon samfurin ya zo a manne da gam. Masu binciken gyara na iFixit sun ba AirPods sifili cikin goma, domin ba a isa ga batirin sai an farfasa. Sana'ar da ta rayu a kan dalma da igiya ta koma goge suna da sake saiti, in hakan bai yi ba a ce maka sayi wani.

Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ta wajabta, daga Fabrairu 2027 kuma da wasu keɓance-keɓance, cewa mai kaya ya iya cire batirin na'urarsa ya sa sabo. Kafin tasirinta ya iso kasuwanninmu, mai saye ya sa a haɗa iyafis da wayarsa a gaban mai shago, ya kuma tambaya ko ana canja masa batir kafin ya miƙa kuɗi.