Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma: Wa Ke Jin Koken Mutanen Ƙofar Dundaye?

Ƙofar Dundaye tana cikin ƙofofi takwas na ganuwar Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Ta ci sunan garin Dundaye ne, wanda a yau yake ƙaramar hukumar Wamakko, kusa da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Gidaje sun daɗe da cinye ganuwar. Tsohon birni yanzu yana hannun ƙaramar hukumar Sakkwato ta Arewa, wadda mazaɓunta suke ɗauke da sunayen sarautu: Waziri, Magajin Gari, Magajin Rafi, Sarkin Adar, Sarkin Musulmi. Kowace mazaɓa da kansilanta. Sai dai idan kwata ta toshe da damina, ko shara ta tare lungu, mutane da dama sun fi saurin zuwa wajen mai unguwa, alhali kuɗin gyaran ba a hannunsa suke ba. Wannan ɗabi'a tana da tushe.

Malaman jihadi sun ɗauki tuhumar mai mulki da gaske. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya lissafa abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan zamaninsa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake miƙawa don neman biyan buƙata. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu jagororin jama'a tun ana tsakiyar yaƙi, sai ya kama hanyar gabas, ya tsaya a Kano, ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon jama'a. Ba kullum aka bi abin da suka rubuta ba, amma sun bar wa talaka hujjar da zai tsaya a kanta ya ce an zalunce shi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, sai aka shigo zamanin En'e. Mai unguwa da dagaci su tara haraji, hakimi ya kai baitulmali, Di'o ya duba lissafi, Razdan ya sa hannu. Bincike akwai shi, mai tsanani ma, amma daga sama yake saukowa. Hakimi yana tsoron Sarki da Bature. Wanda ya biya harajin ba ya cikin waɗanda ake tsoro.

Shari'ar da ta fi shahara a wannan fage ita ce ta Sardauna Ahmadu Bello. A 1943, yana kula da yankin Gusau, aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara, aka saurare ta a Zariya, aka wanke shi. Da yawa sun danganta lamarin da takarar sarautar 1938, wadda shi ma ya nema amma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya samu. Abin lura shi ne, ko a wannan babbar shari'a, manya ne suka tayar da magana, manya suka kashe ta.

A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul, domin an bar talaka a baya. A watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Gyara ya zo a hankali: a ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a faɗin ƙasa. Yau 774 ne, 23 daga ciki a jihar Sakkwato.

A takarda, talaka ya samu abin da Ɓalewa ya nema masa. Tsarin mulkin 1999 ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙaramar hukuma, ya kuma ɗora mata kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da magudanan ruwa, da hannu a makarantun firamare da asibitocin shan magani. Amma shi ne kuma ya tanadi asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi yake biyowa ta hannun jiha, kuma hukumar zaɓen jiha ce take shirya zaɓensu. Sakamakon a bayyane yake. A 2021 PDP mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 23 duka. A 2024 APC mai mulki ta yi haka ita ma. Ciyaman ɗin da ya san daga Gidan Gwamnati kujerarsa ta fito, can zai riƙa kallo, kamar yadda hakimin En'e yake kallon Di'o. Idan dattawan unguwa suka je masa da koke, amsar ba ta wuce "kuɗi ba su zo ba", kuma ba su da hanyar sanin gaskiyarta.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Ni a ganina, ko an aiwatar, sauya hanyar kuɗi kaɗai ba zai fisshe mu ba, domin kuɗin da suka kuɓuta daga hannun gwamna suna iya maƙalewa a aljihun ciyaman.

Kayan aikin tuhuma kuwa suna nan. Ana bayyana kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya rubuta mata. Ƙungiyar matasa ko kwamitin masallaci a Ƙofar Dundaye na iya rubuta wa sakatariyar Sakkwato ta Arewa su nemi kwafin kasafin shekara, su ga nawa aka ware wa magudanan ruwan mazaɓarsu da ɗan kwangilar da aka bai wa aikin, sannan su gayyato kansilansu gaban mai unguwa ya yi bayani kafin ruwan damina ya sauka.