Tarihin Wuƙar Aljihu da Wuƙaƙen da Masu Tarawa Suke Nema

Wuƙar aljihu ita ce wadda ruwanta yake naɗewa ya shige cikin ƙotarta, ƙotar ta zame mata kube, mai ita ya jefa ta aljihu ba fargabar yanka. A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da suka mayar da tara irin waɗannan wuƙaƙe abin sha'awa, suna da mujallunsu da tarukan baje koli. Galibin wuƙaƙen da suke cewa dole mai tarawa ya mallaka kuwa ba daga fada suka fito ba. An ƙera su ne don makiyaya da manoma da ƙananan sojoji da 'yan makaranta, kuma araha ce ta fara yi musu suna.

Mafi tsufar wuƙa mai naɗewa da aka tono an same ta ne a Hallstatt da ke ƙasar Ostiriya. Ƙotarta ta ƙashi ce, kuma ana ƙiyasta an yi ta tsakanin shekara ta 600 da 500 kafin Miladiyya. Rumawa ma sun yi irinta, sai dai ba abin da yake riƙe ruwan idan an buɗe sai tsaurin ƙusar da ta haɗa shi da ƙota, da kuma babban yatsan mai aiki. A tsakiyar ƙarni na 17 ne maƙeran Ingila suka riƙa sa wani siririn ƙarfe a bayan ƙota, wato sifirin, wanda yake danne gindin ruwan ko a buɗe ko a rufe. Birnin Sheffield ne ya ci moriyar wannan dabara. Maƙeran wuƙa na yankin sun sami ƙungiyarsu a hukumance a 1624. A wajejen 1740 Benjamin Huntsman ya gano yadda ake narka ƙarfe a cikin tukunyar yumɓu ya fito da tsabta, sannan a 1913, a wannan birni dai, Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa. Jamus tana da Solingen, Faransa kuma tana da Thiers, inda ruwan kogin Durolle yake juya duwatsun wasa wuƙa. Masu wasan a kwance suke aiki, rub da ciki a kan katako bisa dutsen, kuma saboda tsananin sanyi da danshi sukan ɗora kare a kan ƙafafunsu ya ɗumama su.

Daga tsaunukan Faransa wuƙaƙe biyu suka fito da babu mai tarawar da zai rasa. Ta farko Laguiole ce, mai sunan wani ƙauye a yankin Aveyron, wadda ake danganta farkonta ga Pierre-Jean Calmels a 1829. Siririya ce mai ɗan lanƙwasa, ƙotarta ta ƙahon sa. Wajen 1840 aka ƙara mata wata basilla da makiyaya suke huda cikin saniya da ita idan kumburin ciki ya kama ta bayan ta ci ɗanyar ciyawa. Wajen 1880 kuma, da samarin yankin suka fara tafiya Paris cin rani a gidajen sayar da abin sha, sai aka ƙara mata murɗaɗɗen ƙarfen zare toshiyar kwalba. Kowane ƙari da aka yi mata, sana'ar masu riƙe ta ce ta kawo shi.

Ta biyu Opinel ce, wadda Joseph Opinel, ɗan maƙeri a yankin Savoie, ya fara yi a 1890. Ba wuƙar da ta kai ta sauƙin gini: katako guda aka fafe aka yi masa tsaga, sai ruwa, sai ƙusa, sai zoben ƙarfe a wuya. A 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12, a 1909 kuma ya yi rajistar tambarinsa na hannu mai kambi. Zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan bai zo ba sai a 1955, daga ɗansa Marcel. Lamba 8 ce aka fi saye, mai ruwa tsawon santimita takwas da rabi. An daina yin lamba 1 da lamba 11 tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa tsofaffinsu suke wahalar samu. A 1985 gidan adana kayan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya sa ta cikin kayayyaki ɗari mafiya kyawun ƙira a duniya. Tana da aibi guda da duk mai ita ya sani: idan katakon ya sha ruwa yakan kumbura ya riƙe ruwan wuƙar gam, sai an buga gindin ƙotar a kan wani abu mai tauri kafin ya saki.

Wuƙar sojan Suwizalan, wadda ta fi kowace suna, bindiga ce sanadinta. A ƙarshen shekarun 1880 rundunar ƙasar ta karɓi sabuwar bindiga samfurin Schmidt-Rubin wadda ba ta kwancuwa sai da sukudireba, ga shi kuma an fara ba soja abincin gwangwani. Sai aka nemi wuƙa guda mai ruwa da sukudireba da mabuɗin gwangwani da basilla. Babu masana'anta a ƙasar da za ta iya aikin a lokacin, don haka guda 15,000 na farko daga kamfanin Wester na Solingen aka kawo su. Karl Elsener, wanda ya buɗe maƙerarsa a Ibach a 1884, ya fara yi wa rundunar a 1891, ya kuma yi asara mai yawa domin na Jamusawa sun fi araha. Abin da ya cece shi ita ce wuƙar hafsoshi da ya yi wa rajista ranar 12 ga Yuni 1897, marar nauyi, mai kayan aiki ta fuska biyu. Rundunar ba ta ɗauke ta a hukumance ba, amma hafsoshi suka riƙa saye da kuɗinsu. Daga 1908 gwamnati ta raba kwangilar soja tsakanin kamfaninsa, wanda daga baya ya zama Victorinox, da na Wenger a Delémont, ɗaya a yankin masu Jamusanci, ɗaya a yankin masu Faransanci. Sojojin Amurka da suka zauna a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu su suka kai ta gida a matsayin tsaraba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgin sama da wuƙa, cinikinta a filayen jirgi ya mutu, Wenger ya durƙushe, Victorinox ya saye shi a 2005.

Akwai biyu da tarihinsu ya ratsa Afirka, kuma littattafan masu tarawa ba su cika ba su haƙƙinsu ba. Gaspard Cognet na Thiers ya ƙera Douk-Douk a 1929 da niyyar sayarwa a tsibiran Melaneshiya, har ya zana hoton wani dodon al'adar can a jikin ƙotar. Kasuwar ba ta karɓa ba, sai ya juya da ita Afirka ta Arewa, inda ta bazu ta kuma gangara sauran ƙasashen da Faransa take mulka. Ƙotarta falle ne na ƙarfe da aka ninke biyu, ba ta da kauri ko kaɗan, ruwanta na baƙin ƙarfe mai saurin ɗaukar kaifi. An yi mata wani samfuri mai suna El Baraka, wanda aka cire hoton dodon aka sa wani zane a madadinsa domin masu saye Musulmi. Lokacin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, ta zama makami har hukumomin Faransa suka riƙa ƙwace ta. Okapi kuwa a Solingen aka fara yin ta a 1902, don ƙasashen da Jamus ta mallaka a Afirka, irin su Kamaru da Togo. Tana da zobe a baya da ake ja kafin ruwan ya rufu. A 1988 aka kwashe injinan da sunan aka koma da su Afirka ta Kudu. Ta kuma yi ƙaurin suna a Jamaika a hannun samarin unguwannin Kingston.

A Japan, dokar 1876 da ta hana yawo da takobi ta bar maƙera da yawa ba aiki, suka koma ƙera kayan gida. A garin Miki, wajen 1896, aka fara Higonokami, wadda ba ta da sifirin ba ta da sakata, sai wani ɗan harshe da ake dannewa da yatsa. Ita ce 'yan makaranta suke feƙe fensir da ita shekara da shekaru. Bayan wani yaro ɗan shekara 17 ya kashe ɗan siyasa Inejiro Asanuma da gajeren takobi a 1960, aka yi gangamin raba yara da wuƙa, cinikin ya rushe. Gidan Nagao ne kaɗai ya rage da izinin amfani da sunan.

Amurka ta shigo a makare amma ta sauya fasalin abin. Buck 110, wadda ta fito a 1964, nauyi gare ta, da tagulla a kai da gindi, da sakata a baya mai riƙe ruwa kamar wuƙar da ba ta naɗewa. Mafarauta da leburori suka rungume ta, aka kuma kwaikwaye ta ba iyaka. A 1981 kamfanin Spyderco na Sal Glesser ya fito da wuƙa mai huda a ruwa don buɗewa da hannu ɗaya, da maƙali na rataya ta a bakin aljihu. Yawancin wuƙaƙen zamani a kan wannan tsari suke tafiya, ko da yake tsadar wasunsu ta wuce aikin da za su taɓa yi.

Mai tarawa na gaske tambarin da aka buga a gindin ruwa yake fara dubawa, domin shi yake faɗin maƙera da zamani. Kamfanin Case na Amurka, alal misali, ya buga ɗigo goma a 1970, yana rage ɗaya duk shekara, don haka ƙirga ɗigo ya isa a san shekarar wuƙar da aka yi a shekarun 1970. Laguiole ce ta fi ba da wahala. Sunan ƙauye ne da salon ƙira, ba mallakar wani kamfani ba, saboda haka masana'antun Sin da Pakistan suna buga shi a kan nasu, har da ɗan ƙudan zuman da ake sawa a wuyan sifirin. Wanda yake son ta ainihi sai ya nemi sunan maƙerin a jikin ruwa, ya tabbatar a Laguiole ko Thiers aka yi ta.